Liyarin Kaka Da Sarauniyar Da Ke Kansa

A gidajenmu na Janfalan da kewayen Ikara, Maƙarfi da Kudan, idan tsohuwa ta rasu a kan buɗe adudunta ko ƙwallarta a raba abin da ta bari. Wani lokaci, cikin tsakiya da murjani da mundaye, a kan tarar da wani babban kuɗin azurfa mai marataya, wanda ta kan sa a wuya ran biki. Sunansa liyari. Yara su kan juya shi su ce, wace ce wannan mata? Sau da yawa ba mai amsa musu.

To, ga amsar. Sunanta Mariya Tireza, sarauniyar ƙasar Ostiriya can Turai. Ta hau gadon sarauta a 1740, ta yi shekara 40 a kai, ta haifi 'ya'ya 16. A 1765 mijinta Faransis ya rasu. Daga ran nan ta aske gashinta, ta ajiye tufafin ado, ta shiga baƙaƙe, ba ta kuwa fita daga cikinsu ba har mutuwarta. In ka duba liyarin da kyau za ka ga mayafi ya sauko daga kanta zuwa kafaɗa. Mayafin takaba ke nan. Juya bayansa kuma, za ka ga 1780, watau shekarar da ita kanta ta rasu.

Ta yaya ya iso ƙasar Zazzau? 'Yan kasuwa na ƙasashen Larabawa da Habasha sun amince da wannan kuɗi domin azurfarsa mai kyau ce, nauyinsa kuwa ba ya canjawa, gram 28 ne. Ba su yarda da wani sabon kama ba. Saboda haka bayan rasuwarta aka ci gaba da buga shi da fuskarta da shekarar 1780. Ayarin raƙuma suka ƙetaro da shi hamada zuwa Barno da Kano, fatake suka bazu da shi. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin ɗaya a kan wuri 2,500. Maƙeran farfaru su kan narka shi su yi zobba da awarwaro, ko kuwa su liƙa masa marataya, mata su rataya.

A Turai yin ado domin tunawa da sarkin da ya mutu tsohuwar al'ada ce. Sa'ad da aka kashe Sarki Calis na Ɗaya na Ingila a 1649, masoyansa suka riƙa sa zobba masu ɗauke da hotonsa. Da mijin Sarauniya Biktoriya ya rasu a 1861, ta shiga baƙaƙen tufafi har ta mutu a 1901, matan fada kuwa suka riƙa ado da wani baƙin dutse na garin Whitby. Waɗansu har gashin mamaci su kan ajiye cikin abin wuya. A wurinmu akasin haka ne. Mai takaba cire ado ta ke yi. Amma ga shi, kakanninmu sun yi rawar biki da hoton mai takaba a ƙirjinsu, ba su sani ba.

Akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya lura. Na fari, kada ka ga 1780 ka zaci liyarinka ya kai wannan tsufa. An buga shi a Landan da Roma da Bombai a ƙarni na 20, har yau ma ana bugawa a Biyana, babban birnin Ostiriya, duka da shekara ɗaya. In wani ya zo sayar maka da shi da tsada bisa hujjar shekarar, kada ka ruɗu. Na biyu, in mai sayen tsofaffin kaya ya zo ƙofar gida ya taya shi kamar ƙarfen banza, kada ka saki. Azurfa ce. Kai wa maƙeri amintacce ya auna tukuna.

Amma kafin maganar sayarwa, a zauna a yi shawara. Gado ya sha raba 'yan'uwa a kan abin da bai kai buhun masara ba. Kuɗin liyari kwana kaɗan zai yi ya ƙare, amma in ya fita daga gida ba ya komowa. Mu masu bi ba mu baƙin ciki kamar marasa bege, ba mu kuwa sa zuciyarmu ga azurfa. Duk da haka girmama iyaye ya haɗa da tunawa da su.

Sunan Mariya Tireza yana rubuce a gefen kuɗin. Sunan kakarka ba ya nan. Tun tsofaffin gida suna da rai, tambaye su: wa ya ba ta shi? A wane gari aka yi aurenta? Wace wahala ta sha ba ta sayar da shi ba? Rubuta amsar a takarda, ka naɗe tare da liyarin, domin ran da jikokinka za su buɗe adudun su sami mai amsa musu.