Yaƙin Hittin: Yadda ƙishirwa ta karya rundunar Sarkin Ƙudus kafin takobi

A daren 2 ga Yulin 1187, rundunar Kiristocin da ke mulkin Ƙudus tana jibge a Saffuriyya, a arewacin Falasɗinu, inda akwai idanun ruwa da ciyawar dawakai. Kwana biyu bayan nan, wannan runduna ta mayaƙa kusan 20,000 ta tarwatse, sarkinta kuma yana hannu. Abin da ya kai ta ga haka shawara ce guda da aka sauya cikin dare.

Shekara 88 ke nan da mayaƙan Salibiyya daga Turai suka ƙwace Ƙudus a 1099. Kafin 1187 Salahuddin Ayyubi, Bakurde haifaffen Tikrit, ya riga ya haɗa Masar da Sham ƙarƙashin tuta ɗaya. Akwai yarjejeniyar zaman lafiya tsakaninsa da masarautar Ƙudus, sai Raynald, mai riƙe da ganuwar Karak, ya far wa wani ayarin fatake, ya kwashe dukiya, ya kuma ƙi mayarwa. Salahuddin ya tara mayaƙa kimanin 30,000.

Matsalarsa ita ce, muddin abokan gaba suna zaune a bakin ruwa, ba zai iya taɓa su ba. Don haka ya ɗana musu tarko. Ya kai farmaki birnin Tabariyya da ke gaɓar tafki, ya ritsa da matar Raymond, mai mulkin Tarabulus, a cikin ganuwa.

Abin mamaki, Raymond ɗin da matarsa ke cikin haɗari shi ne ya ce kada a motsa. Ya san hanyar: tafiyar kilomita kusan 25 ce a tsakiyar zafi, kan tudu mai ƙarancin ruwa. A ganinsa gara a rasa birni ɗaya da a rasa runduna. Majalisar yaƙi ta amince, aka watse. Amma cikin dare shugaban ƙungiyar mayaƙan Templar, Gerard, ya koma wurin Sarki Guy, ya nuna masa cewa zama ragwanci ne, kuma Raymond ba abin yarda ba ne. Ya taɓa inda ke yi wa sarkin ƙaiƙayi. A 1183 Guy ya taɓa ƙin fita daga sansani ya gwabza da Salahuddin, aka zarge shi da tsoro har ya rasa riƙon masarauta. Wannan karon ya ba da umarnin tashi.

Tun da safiyar 3 ga wata mahaya dawakan Musulmi suka riƙa yi musu ruwan kibau, musamman ta baya, har tafiyar ta gagara. Dare ya same su a fili, babu rijiya, babu ƙorama. Can gefe kuwa raƙuma suna ta jigilar ruwa daga tafkin Tabariyya zuwa sansanin Salahuddin. Mutanensa suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta, hayaƙi ya turnuƙe waɗanda maƙogwaronsu ya riga ya bushe.

Washegari, Asabar 4 ga Yuli, sojojin ƙasa suka watsar da sahu, suka haye wani tudu mai kawuna biyu da ake kira Ƙahonin Hittin, suka ƙi saukowa. Hakan ya bar dawakan barade a buɗe ga maharba. Raymond ya yi sukuwa da mutanensa, sahun Musulmi ya buɗe musu hanya suka wuce, sannan ya rufe. Ba su dawo ba.

Sauran baraden ba su miƙa wuya da sauƙi ba. Malamin tarihi Ibn al-Athir ya ruwaito daga al-Afdal, ɗan Salahuddin, cewa sau biyu suna turo Musulmi har kusa da mahaifinsa. Da yaron ya yi ihun murnar nasara, uban ya kwaɓe shi, ya ce sai tantin sarki ya faɗi tukuna. Bai rufe baki ba tantin ya faɗi.

A nan ma ruwa bai fita daga labarin ba. Da aka kawo fursunoni, Salahuddin ya miƙa wa Guy ruwa mai ƙanƙara. Guy ya sha, ya miƙa wa Raynald. A al'adar Larabawa, fursunan da ka shayar ya samu amana, saboda haka Salahuddin ya sa tafinta ya bayyana cewa ba shi ya ba Raynald ba. Da hannunsa ya sare shi. Ya bar Guy da rai, amma mayaƙan Templar da na Hospitaller kusan 200 an kashe su bayan yaƙin, abin da masu ba da labarin sassaucin Salahuddin ba su cika ambata ba.

Da yake an kwashe masu gadin birane an kai fagen daga, garuruwa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Akka ta miƙa wuya cikin mako guda. Ranar 2 ga Oktoba, daidai da 27 ga Rajab 583, Ƙudus ta buɗe ƙofa bisa sharaɗin fansar dinari 10 kan kowane namiji da 5 kan mace. Birnin Sur da ke bakin teku ne ya gagara, kuma daga can ne Guy, bayan an sake shi, ya nufi Akka a 1189 ya kewaye ta, har Sarki Richard na Ingila ya iso da jiragensa a 1191.