Tseren Mota Na Dogon Zango: Nasiha Ga Mai Son Farawa

Kwanan baya aikin duba makarantu ya kai ni Tozai, a ƙasar Illela, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Muna cikin komowa sai motarmu ta kafe a rairayi, direba ya yi ta taka totur, ita kuwa sai ƙara nutsewa take yi. Can sai ga wani saurayi. Ya rage iskar tayoyi, ya yashe rairayin da ke gabansu, ya shimfiɗa ƙirare, kana ya karɓi sitiyari ya fid da ita a hankali. Da na yi masa godiya sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni burina in shiga tseren mota irin wanda Turawa ke yi a hamada. Ta ina ake farawa?"

Na ɗaukar masa alkawari zan ba shi amsa a jarida, gama na san ba shi kaɗai ke da wannan buri ba. Abin da ya ƙara tilasta mini kuwa shi ne, samari da yawa suna tsammanin wasan mota da ake yi ran ɗaukar amarya shi ne mafarin abin. Ni da idona na ga inda irin wannan wasa ya mai da gidan biki gidan makoki. To, bari mu rarrabe tsakanin ganganci da wasa mai doka.

Mene Ne Rali?

Turawa suna kiran wannan tsere rali. Ba a jera motoci a sake su gaba ɗaya kamar sukuwar dawaki. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, da tazarar minti ɗaya ko biyu. Ana kasa hanya zango zango, a kowane zango akwai malamai da agogo masu rubuta lokacin isowar kowa. Wani zangon ana rufe hanya, a hana kowa bi, nan ne ake gwada sauri. Wani kuwa a kan hanyar jama'a ne, dole a bi dokar hanya sau da ƙafa. Akwai ma irin ralin da ba a neman sauri ko kaɗan, sai dai a ce ka isa wuri kaza a minti kaza. In ka makara a ci ka tara, in ka riga lokaci ma a ci ka tara. Irin wannan shi ya fi dacewa da sabon shiga.

Kowace mota mutum biyu ne a ciki, direba da jagora. Jagora ke riƙe da littafin hanya, da taswira, da agogo. Kakanninmu fatake sun san wannan tsari, don ayari ba ya tashi sai da madugu da jagaba.

Abin Da Tarihi Ya Nuna

Wannan wasa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Cikin watan Mayu na 1974 an yi wani babban rali daga Landan zuwa birnin Munich na Jamus, aka ratsa Sahara har Kano, sa'an nan aka juya arewa. Motoci 70 suka tashi, 19 kaɗai suka kai ƙarshe. Abin da ya ka da yawancinsu ɓatan hanya ne. An ƙara tsawon wata hanya a Aljeriya bayan an riga an rubuta littafin hanya, sai lissafi ya rikice, mutane suka watsu cikin hamada. Mutanen Ostareliya uku suka ci, cikin mota Citroën, ɗaya daga cikinsu ma, Ken Tubman, sana'arsa sayar da magunguna ce.

Haka kuma ralin Faris zuwa Dakar. Wanda ya ƙago shi, Thierry Sabine, shi kansa sai da ya ɓace a hamada bisa babur a 1977. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka bar Faris, suka biyo ta Arlit da Agadas da Yamai, 74 suka isa Dakar. A cikinsu har da wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Claude da Bernard Marreau, da 'yar ƙaramar mota Renault 4, suka bar manyan motoci da dama a baya. A 1982 su suka zo na ɗaya cikin Renault 20. An soke ralin a 2008 saboda rashin tsaro a Muritaniya, aka mai da shi Kudancin Amurka daga 2009, kana Saudiyya daga 2020.

A Gabashin Afirka kuwa akwai ralin Safari da aka fara a 1953. A 1963 motoci 84 suka tashi, bakwai tak suka gama. A 1965 Joginder Singh na Kenya da ɗan'uwansa Jaswant suka ci shi da wata Volvo ta hannu, wadda suka gyara da kansu. Mai karatu ya lura, duk labaran nan abu guda suke faɗa: wanda ya san motarsa, ya san hanyarsa, ya kuma iya haƙuri, shi ke kaiwa. Sauri ya haifi nawa.

Matakin Farko

Kafin kome sai mutum ya cika shekara 18, ya sami lasin na gaskiya daga Hukumar Kiyaye Haɗurra, ba na bayan fage ba. Ya nemi yardar iyaye. Sa'an nan ya lazimci garejin wani bakanike ko da na shekara guda, har ya iya canja taya, da gyaran birki, da ɗaure lagireto in ya yoyo, gama a daji ba wanda zai kira.

Bayan wannan kada ya yi gaggawar kama sitiyari. Ya fara da aikin taimako a wurin tsere, kamar tsaron zango da rubuta lokaci. Daga nan ya zauna kujerar jagora. Mafi kusa da mu shi ne tseren motoci da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu. A bikin 2020 daga Abuja motocin suka taso. Wanda ke son shiga babban tsere kuwa sai ya sami lasin na wasa daga ƙungiyar da hukumar tseren motoci ta duniya, watau FIA, ta amince da ita a ƙasarsa.

Lissafi

A nan ne nake jan kunnen 'yan makaranta da malamansu. Jagoran da bai iya lissafi ba makaho ne. Ga misali. An ce zango kilomita 45 ne, a yi shi da gudun kilomita 50 a awa. Minti nawa ke nan? A ninka 45 sau 60, a raba da 50, ya ba da minti 54. To, in mota ta kafe tun a farkon zango aka ɓata minti 9, saura minti 45, watau sai an yi kilomita guda kowane minti. Jagora ne zai duba hanya ya ce ko za ta ɗauki wannan gudu, ko kuwa gara a karɓi tara a tsira da mota. Ya kuma sani, a rairayi taya tana juyawa a banza, saboda haka ma'aunin nisa yakan nuna fiye da abin da aka tafi, sai a riƙa gyara lissafi da alamun hanya, kamar rijiya ko mararraba. Malaman da muke horarwa za su sami darasin lissafi mai daɗi a nan.

Mota Da Kayanta

Kada sabon shiga ya ci bashi don babbar mota. Ƙarama mai ƙwari, wadda kayan gyaranta ke akwai a kasuwar Sakkwato, ta fi masa. Kuɗin da ya samu ya fara zuba shi a kan abin da zai tsare rai: kejin bututun ƙarfe da ake ƙerawa cikin mota don kada rufi ya danne mutum in ta kife, da ɗamarar kujera mai kama kafaɗu da ƙugu, da hular kwano, da tukunyar kashe wuta, da akwatin magani. A sa faifan ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu. A ɗauki safaya biyu, da jak, da shebur, da igiya mai ƙarfi, da ruwan sha fiye da yadda ake zaton bukata. Ƙara wa inji ƙarfi shi ne na ƙarshe.

Tuƙi A Rairayi

A rage iskar taya don ta shimfiɗu bisa yashi, amma a mayar da ita da an hau kwalta. A zaɓi giya tun kafin a shiga rairayi mai zurfi, a riƙe totur daidai, kada a canja a tsakiya. Kada a taka birki da ƙarfi, kada kuma a murɗa sitiyari farat ɗaya. A rage gudu kafin kwana. In mota ta kafe a ɗaga ƙafa nan da nan. In kuwa ta lalace a daji, kada a rabu da ita, domin masu nema sun fi saurin ganin mota bisa ga mutum.

Haƙƙin Jama'a

Hanyoyin Tozai da kewaye ba na mai mota kaɗai ba ne. Akwai jakai da raƙuma, da amalanke, da garken Fulani, da yara masu zuwa ɗiban ruwa. A ralin Dakar an sha kaɗe 'yan ƙauye, har da ƙananan yara, abin da ya jawo masa suka mai yawa. Sabine kansa ya rasu cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ran 14 ga Janairu 1986, ana tsakiyar tsere. Saboda haka mai koyo ya nemi fili nesa da gari, da izinin hakimi da sanin 'yan sanda, ya guji ranar kasuwa da gonakin mutane. Kada ya fita shi kaɗai, kada ya yi dare, kada ya ƙetare iyaka ba takarda. Da yake kuma 'yan bindiga sun addabi gabashin jihar Sakkwato a shekarun nan, hanyar da hukuma ta ce a bari, a bar ta.

Ga amsata ke nan ga saurayin Tozai. Yadda ka fid da motarmu ya nuna ka riga ka san halin rairayi, abin da waɗansu ke ƙetaro teku su koya. Saura ka koma ga littafin lissafinka, ka nemi lasin, ka sami abokin tafiya mai hankali. Ran da aka yi kiran biki aka ce ka zo ka juya mota a gaban jama'a, ka ce a kai kasuwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.