Teburin Mai Shayi Ya Zama Ofis A Rumde Ajiya

Duk wanda ya bi ta unguwar Rumde Ajiya a Garwa da hantsi zai ga abin da iyayenmu ba su saba gani ba. Ga samari zaune a bencin mai shayi ko cikin gidan abinci, kowa ya buɗe kwamfuta ko ya duƙufa a kan waya. Wani yana fassara takarda daga Faransanci zuwa Turanci, wani yana zana tambarin shago, wani kuma yana cika wa ɗalibi takardun jarrabawar shiga aikin gwamnati. Mai aikin yana iya kasancewa a Duwala ko Kano, ladan kuwa ta waya yake zuwa, ta MTN ko Orange.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce. Mu da muka manyanta mun san masu rubuta wa jama'a wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya da ƙofar kotu da keken rubutunsu. Waɗannan samari magadansu ne, kayan aiki kawai suka sake. Tun annobar korona ta shekarar 2020 kamfanonin duniya suka saba da ba da aiki daga nesa, kuma buɗe Jami'ar Garwa a 2022 ya ƙara yawan masu ilmi a gari.

To, me ya hana su zama a gida? Amsa ita ce wuta da zafi. Lantarkin arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, mai ƙarfin megawat 72. Idan ruwa ya ja baya da rani, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa da aka ƙaddamar a 2023 sun rage wahala, amma ba su kawar da ita ba. A watan Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, ɗaki ya zama tanderu. Dole mutum ya nemi inda akwai inuwa da janareta.

A nan ne gizo ke saƙa. Mai shayi da kofi yake cin abinci, ba da benci ba. Yaro ya sha kofi ɗaya, ya jona waya da kwamfuta, ya riƙe wuri har azahar, mai son ƙwai da burodi ya zo ya rasa wurin zama ya wuce. Kunya ta hana mai wuri magana, hakki kuwa yana nan. Wasu samarin kuma, don neman wuta, sun fara zama a gidajen giya, inda iyayensu ba za su so a gan su ba. 'Yan mata da suka iya aikin nan ba su da ko ɗaya cikin wuraren biyu. Ga kuma takardun mutane, da hotuna da lambobin katin shaida, a buɗe gaban kowa.

Shawararmu ga samari ita ce su yi ciniki da mai wuri tun farko: kaza na shayi, kaza na wuta da zama. Ga manyanmu da 'yan kasuwa kuwa, ɗaki guda da allon hasken rana da 'yan tebura bai fi ƙarfin ƙungiyoyinmu ba, a keɓe wa mata lokacinsu, kowa ya riƙa biyan ɗan abin da zai riƙe wurin.

A watan Janairun 2022 duniya ta zo filin wasa na unguwar nan kallon Nijeriya da Masar, ta koma. Aikin da yaranmu ke yi wa duniya kuwa kullum ne. Mu samar musu wurin zama na mutunci. Allah Ya sa albarka a nema.