Yadda malamai ke amfani da tallace-tallace wajen koya wa yara Turanci

A makarantun da littattafan karatu suka yi ƙaranci, malami na iya samun kayan koyar da Turanci a jikin gwangwanin madara, ko kwalin sabulu, ko allunan da ke bakin titi. Sai dai hanyar na da sharuɗɗan da ya kamata a kiyaye.

Batun ya ƙara muhimmanci a Najeriya tun daga watan Nuwamban 2025, lokacin da ministan ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin da gwamnati ta amince da shi a 2022, na koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Hakan na nufin nauyi ya ƙaru a kan malamin da ke fuskantar yaran da ba sa jin Turanci a gida, kuma galibi da littafi ɗaya tsakanin yara da dama.

Asalin dabarar

Tun a shekarun 1970 ne masana koyar da harsuna a Biritaniya suka fara jaddada cewa harshe ya fi zama a kwakwalwa idan aka yi amfani da shi wajen biyan wata buƙata, fiye da haddar ƙa'idojin nahawu. Daga nan aka fara shigo da rubuce-rubucen yau da kullum cikin aji, kamar jaridu da takardun sanarwa da tallace-tallace.

A kudancin Indiya kuma, wani masani mai suna N. S. Prabhu ya jagoranci wani shiri a Bangalore daga 1979 zuwa 1984, inda ake bai wa ɗalibai ƙananan ayyuka su warware da Turanci. Shirya talla a aji na cikin irin waɗannan ayyuka.

Abin da ya sa talla ta dace da ƙananan yara shi ne gajarta. Jimlolinta ba su da tsawo, akwai hoto da ke fayyace ma'ana, kuma ana maimaita kalmomi. A cikinta yaro zai haɗu da kalmomin umarni irin su "buy" da "try", da sifofi irin su "new" da "sweet", da kwatance irin na "big", "bigger", "biggest". Kazalika akwai lambobi da farashi da ranar lalacewar kaya.

Yadda darasin ke gudana

Da farko malami kan nemi yara su kawo kwalaye da gwangwanaye marasa komai daga gida. Sai su nemo kalmomin da suka gane, malamin ya rubuta su a allo, ya yi bayanin ma'anarsu da Hausa idan ta kama.

Daga nan sai a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi abin da zai tallata, misali ƙosai ko fensir. Za su raɗa masa suna, su zana hoto, su rubuta jimla biyu ko uku, sannan su gabatar a gaban aji. Sauran yaran su ne masu saye, suna tambayar farashi suna tayawa da Turanci.

A ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne, domin kalmar talla ta haɗa sanarwar da ake ji a rediyo da kuma yawo da faranti a unguwa. Yaro ya riga ya san yadda ake kiran mai saye da yadda ake ciniki, kalmomin Turancin ne kawai sabo gare shi. Hakan kan rage masa jin nauyin buɗe baki.

Mataki na ƙarshe shi ne tambaya. Wa ya shirya wannan talla? Me yake so a yi? Wace magana ce za a iya tabbatarwa, kamar nauyin kaya ko lambar rajistar hukumar NAFDAC, wacce ce kuma zuga kawai?

Inda ake taka-tsantsan

Wannan mataki ne ke hana aji zama kasuwa. A wani rahoto da ta fitar a 2004, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce yaran da ba su kai shekara takwas ba, ba sa gane cewa manufar talla ita ce jan ra'ayinsu. Lardin Kwibek na Kanada ya haramta tallar da ke nufin 'yan ƙasa da shekara 13 tun 1980, ita ma Suwidin ta hana irin wannan talla a talabijin ga 'yan ƙasa da shekara 12 tun 1991. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tsare makarantu daga tallar abinci mai yawan sukari da gishiri da kitse.

Saboda haka ya fi dacewa yara su ƙirƙiro sunan kayansu maimakon rera taken wani kamfani. Wajibi ne kuma malami ya tace abin da ke shiga aji, ya kawar da tallar giya da caca da man bilicin. Takardun wayar da kai kan rigakafi ko wanke hannu na da irin wannan gajeren Turanci, ba tare da an sayar wa yaro komai ba.

Wani abin lura shi ne masu talla kan karya ƙa'idar rubutu da gangan, wasu kuma da Turancin buroka suke magana, don haka sai malami ya nuna wa yara bambancin. Daɗin daɗawa, jimloli uku ba za su koya wa yaro karanta dogon labari ko rubuta wasiƙa ba, waɗanda jarrabawa ke buƙata. Don haka darasin talla ƙari ne a kan littafin karatu, ana yin sa lokaci-lokaci domin yara su saba da furta abin da suka koya.