Ciwon gwiwar hannu a wasan sofbol: 'yan mata na ta jifa, babu mai ƙirgawa

A watan Agustan 2008, a gasar Olamfik ta birnin Beijing, Yukiko Ueno 'yar Japan ta jefa ƙwallo sau 413 a wasanni uku cikin kwana biyu, ta kai ƙasarta ga lambar zinariya a wasan sofbol bayan sun doke Amurka. Har gobe Japanawa na ba da wannan labari a matsayin jarumta, kuma sun yi gaskiya. Sai dai shekarun Ueno 26 a lokacin, ƙashinta ya gama ƙosawa, kuma gasa ce da ke zuwa sau ɗaya a shekara huɗu. Wadda ta fi damuna ita ce yarinya 'yar shekara 13 ko 14 a wani gari na Amurka, wadda ake ɗora wa makamancin wannan aiki kusan duk ƙarshen mako, har ranar da za ta kama gwiwar hannunta ta ce tana mata zogi.

Sofbol ƙanwar besbol ce. A Shikago aka fara buga ta a 1887, kuma yau galibin masu buga ta a makarantu da jami'o'in Amurka mata ne, musamman tun daga 1972 da aka kafa dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa mata bambanci, har a fagen wasanni. Ƙwallon tana da tauri, kewayenta kusan santimita 30 ne, nauyinta kuma wajen giram 190, wato ta fi ta besbol mai giram 145. Mai jifa tana tsayawa mita 13 daga mai bugu. Ba ta sama take wurgowa ba kamar yadda maza ke yi a besbol. Hannunta ne ke yin cikakken kewaye, daga gaba zuwa sama, zuwa baya, sannan ta saki ƙwallon daidai kwatangwalonta. Kada mai karatu ya ɗauka jifan wasa ne: a 2025 Karlyn Pickens ta Jami'ar Tennessee ta jefa ƙwallon da ta yi gudun kusan kilomita 128 a awa.

Daga wannan salon jifa ta ƙasa matsalar ta samo asali. Shekara da shekaru masu horarwa da iyaye suna gaya wa juna cewa haka Allah ya halicci hannu ya riƙa lilo, don haka jifan sofbol ba ya cutarwa, yarinya na iya yin wasa uku a yini ba abin da zai same ta. Saboda an yarda da wannan magana, kariyar da aka yi wa yara maza ba ta kai ga mata ba. A 2007 ƙungiyar Little League ta fara ƙirga jifan yara a besbol: ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce 85 a rana, ɗan 13 zuwa 16 ba ya wuce 95, kuma dole ya huta kwanaki gwargwadon abin da ya jefa. Daga 2017 aka wajabta wa kowace jiha ta kafa irin wannan ƙa'ida a makarantunta na sakandare. A ɓangaren sofbol kuwa, ita dai ƙungiyar Little League ta yarda ƙaramar yarinya ta yi jifa har zagaye 12 a rana ɗaya, alhali cikakken wasan manya zagaye 7 ne, kuma a rukunin waɗanda suka fi girma babu iyaka sam.

Masu bincike sun daɗe da rushe wannan zato. A 1998 wata cibiyar nazarin lafiyar 'yan wasa da ke Birmingham ta jihar Alabama ta auna motsin masu jifan sofbol, ta gano cewa ƙarfin da ke fizgar kafaɗa da gwiwar hannu dab da sakin ƙwallo yana kusa da nauyin jikin mai jifar gaba ɗaya, kwatankwacin abin da ake gani a besbol. A 2009 wasu likitoci a Jami'ar Rush ta Shikago sun auna aikin tsokar ƙwanji, suka ga tana aiki kusan ninki biyu a jifan ƙasa idan an kwatanta da jifan sama. Dalilin a fili yake. Hannun da ke kewayawa da wannan gudu so yake ya fice daga jiki, tsokoki da jijiyoyi ne ke riƙe shi, kuma sai sun taka masa birki bayan kowace jifa.

A yi adalci, akwai ƙamshin gaskiya a tsohuwar maganar. Jifan ƙasa ba ya buɗa cikin gwiwar hannu kamar jifan sama, shi ya sa tsinkewar jijiyar nan da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, wadda ake yi wa tiyatar da ta ci sunan Tommy John tun 1974, ba ta yawaita a sofbol ba. Kafaɗa ma ta fi gwiwar hannu yawan samun rauni a wurin waɗannan 'yan mata. Amma ƙarancin ciwo iri ɗaya ba ya nufin hannu ya tsira. Sofbol na da nata ciwukan, kuma rashin saninsu ne ke sa a yi ta jinkiri.

Wanda aka fi saurin ganewa shi ne na jijiyar ji da ke bi ta wani ɗan kwari a bayan ƙashin cikin gwiwar hannu, wadda idan mutum ya buge wurin yake jin kamar lantarki ya ja shi har yatsa. Masu jifa da yawa suna goga hannu a kwatangwalo lokacin sakin ƙwallo. Idan gugar ta zama duka, kuma aka maimaita ta sau ɗaruruwa, jijiyar kan fusata. Sai yarinya ta fara jin ƙaramin yatsanta da rabin na kusa da shi suna mutuwa, ko kamar ana tsira mata allura, riƙonta ya yi rauni, ƙwallo ta riƙa kuɓuce mata. Akwai kuma tsokokin da ke lanƙwasa tsintsiyar hannu da murɗa ta, waɗanda duk suka haɗu a wannan ƙashi na ciki. Jifan da ake so ya karkace, ko ya tashi, ko ya faɗi a gaban mai bugu, da murɗa hannu ake yin sa, kuma waɗannan tsokoki ne ke biyan kuɗin. Likitoci sun kuma sha ganin tsagewar ƙashin sangalin hannu a masu wannan jifa, ba tare da faɗuwa ko bugu ba. Igiyar guga ba ranar da ta tsinke ta fara lalacewa ba, bakin rijiya ne ya yi ta cin ta zare bayan zare. Haka ƙashi yake: kullum yana samun 'yan ƙananan raunuka yana gyara kansa, idan aka hana shi lokacin gyara sai tsagar ta bayyana.

Abin da ya bambanta yarinya da babbar mace shi ne guringuntsin girma. A ƙarshen ƙasusuwan yaro akwai wani sashe mai laushi inda ƙashi ke ƙara tsawo, kuma na cikin gwiwar hannu yana cikin na ƙarshe da ke rufewa, a wajen mata galibi sai kusan shekara 14 ko 15. Kafin ya rufe, ya fi jijiyoyin da ke jan sa rauni. Nauyin da zai sa wa babba ciwon jijiya kawai, a wurin yarinya yana iya buɗa wannan guringuntsi, wani lokaci ma ya ɓalle ɗan guntun ƙashi. A shekarun da take tsawo da sauri abin ya fi tsanani, domin ƙashi na riga tsoka tsawo, komai na hannun ya ɗaure.

To me ya sa ake ɗora musu wannan kaya? Tsarin wasan ne. Bayan ƙungiyar makaranta, akwai ƙungiyoyin kuɗi masu yawo gari-gari, inda iyaye ke biyan maƙudan daloli da fatan masu horarwar jami'o'i za su ga 'yarsu su ba ta gurbin karatu kyauta. Gasa ɗaya kan ɗauki kwana biyu ko uku, ƙungiya ta buga wasanni da dama a yini. A besbol tilas koci ya tanadi masu jifa da yawa saboda doka. A sofbol ya ishe shi ya sami gwana ɗaya ya yi ta saka ta. Wasa ɗaya kan ci jifa wajen ɗari, ban da na ɗumama jiki, ban da darasin da take ɗauka a tsakiyar mako wurin malami na daban, ban da wurgin sama da take yi idan an mayar da ita wani gurbi a fili da sunan hutu. A 2017 likitocin Jami'ar Washington da ke St. Louis sun bi 'yan mata masu jifa a irin waɗannan gasanni, suka ga ƙarfin kafaɗa da na hannu na raguwa daga rana zuwa rana, ciwo da gajiya na ƙaruwa, kuma barcin dare ɗaya ba ya mayar da abin da aka rasa. Yaran kuma abin da suke gani a talabijin ke nan. A gasar jami'o'i ta 2025, NiJaree Canady ta ɗauki nauyin jifan Texas Tech wasa bayan wasa har zuwa karon ƙarshe, inda aka ci ta maki biyar a zagayen farko aka fitar da ita.

Idan ciwon ya riga ya zo, matakin farko shi ne a ajiye ƙwallo. Tsamin jiki bayan wasa, wanda ke wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba abin tsoro ba ne. Wanda ake tsoro shi ne zafin da yarinya ke iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, wanda ke zuwa a tsakiyar jifa, ko ya tashe ta da dare, ko ya zo da kumburi, mutuwar yatsu, ko kasa miƙe hannu sosai. Wannan na likita ne, ba na koci ba. Likita kan ɗauki hoton ƙashin hannayen biyu don ya gwada guringuntsin mai ciwo da na lafiyayye, kuma idan yana zargin tsaga ya nemi hoton MRI, domin sabuwar tsaga kan ɓuya a hoton ƙashi na yau da kullum. Mafi yawan waɗannan ciwuka suna warkewa ba tare da tiyata ba, amma sai an haƙura da jifa na makonni, sau da yawa shida ko fiye. Abin da nake ganin ya fi kowane muni shi ne a ba yarinya maganin kashe zafi da safe don ta iya shiga fili. Zafin ne kaɗai hanyar da hannun ke kai ƙara, an kuwa toshe masa baki.

Hutu shi kaɗai ba ya wadatarwa. Ƙarfin jifa daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta kwatangwalo da gangar jiki kafin ya iso hannu. Gretchen Oliver ta Jami'ar Auburn da abokan aikinta sun yi shekaru suna nuna cewa idan kwatangwalo da ƙugu ba su da ƙarfi, hannu ne ke cike giɓin. Saboda haka likitan gashin ƙashi da ya san aikinsa ba a gwiwar hannu zai tsaya ba, zai gina cinyoyi da ƙugu da tsokokin allon kafaɗa, sannan a duba salon jifar ko hannun na dukan kwatangwalo. Dawowa fili kuma mataki-mataki ne: jifa kaɗan daga kusa da rabin ƙarfi, a tsallake rana, a ƙara, kuma duk ranar da zafi ya dawo a koma matakin baya. Akwai wani batu da iyaye mata ya kamata su sa wa ido, ko da ana jin nauyin faɗinsa. Yarinyar da ke motsa jiki sosai ba ta cin abinci isasshe, har al'adarta ta ɗauke ko ta rikice, ƙashinta na yin rauni, kuma tsaga ta fi saurin kama ta.

Rigakafin ba ya buƙatar na'ura. Ƙungiyar likitocin ƙashin 'yan wasa ta Amurka ta ba da shawarar kada 'yar shekara 13 ko 14 ta wuce jifa 80 a wasa, 'yar 15 zuwa sama kuma 100. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ce kowane yaro ya sami kwana ɗaya ko biyu a mako ba tare da wasansa ba, da kuma watanni biyu zuwa uku a shekara. Binciken da aka yi kan samarin besbol a 2006 ya nuna cewa masu jifa fiye da wata takwas a shekara sun ninka sauran sau biyar wajen kaiwa ga tiyata, masu yawan jifa da gajiyayyen hannu kuwa sau 36. Lissafin maza ne, amma ba na ganin dalilin da zai sa a ɗauka hannun mace ya fi ƙarfin gajiya. Alamun gajiyar ma ba ɓoyayyu ba ne: gudun ƙwallo ya ragu, saiti ya ɓace, yarinya ta fara karkaɗa hannu tsakanin jifa da jifa.

Matsalar ita ce duk waɗannan shawarwari ne, babu alƙalin wasan da zai tsayar da wasa saboda su. Kuma kada a jira yarinyar ta ce ta gaji. 'Yar shekara 14 da ƙawayenta ke dogara da ita, ga mahaifinta ya tuƙo mota awa biyar ya biya kuɗin otal, za ta ce lafiyarta ƙalau ko da yatsunta sun mutu. Hukumomin wasannin makarantu sun riga sun nuna cewa za su iya kafa dokar ƙirga jifa, tunda sun yi wa maza. Ya kamata su yi wa mata. Kafin su yi, uba ko uwar da ke zaune a gefen fili su riƙe takarda da biro su ƙirga da kansu, kuma idan adadin ya cika su gaya wa koci ya saka wata.