Ɗora Faifan Sola A Kan Ginin Da Muke Da Shi

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun shekarar 2023 ba mu ƙara jin daɗin janareta ba, sai ƙungiyoyinmu na wajen Dambatta, Bichi da Kunchi suka koma tambayar sola. Faifan ya yi sauƙi, gama tsakanin 2010 da 2020 kuɗinsa a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Amma mu filin gida ya yi mana kaɗan, gona ta zo har gindin katanga. Saboda haka dole a ɗora shi a kan abin da ke tsaye.

Ku fara duban ƙarfin ginin. Faifai mai wat 300 yana kai kilo 18 zuwa 20. Rumfar kara ba za ta ɗauka ba, rumbu kuwa ana buɗe murfinsa. Ɗakin kwano ko shagon ajiya ya fi, in gara ba ta ci katakon ba. A ɗaure da noti har cikin katako, kada a tsaya a kwano kaɗai. Nauyi ba shi ne babban abin tsoro ba. Iskar hadarin farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas, ita ce takan shiga ƙarƙashi ta ɗaga faifai da kwanon duka. In soro ne, kada ku huda rufin, zai yi yoyo. Mai walda ya yi ƙafafun ƙarfe, a danne da bulo a kan azara ta kusa da bango, a bar hanyar indararo.

Faifan ya dubi kudu, ya ɗan kishingiɗa. Muna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, watau a kowace mita ɗaya bakin arewa ya ɗara na kudu da kamar taƙi guda. Kada a miƙe shi da yawa, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan bi ta arewa da mu da tsaka. Kada kuma a kwantar da shi sarai, ruwa ba zai wanke shi ba. A bar tsakani kamar faɗin tafin hannu da kwano don iska ta wuce, zafi yana rage masa ƙarfi.

Inuwa fa? Ko ta reshe ɗaya ta isa ta rage wutar ƙwarai. Ku lura da gawo: da damina ba ganye, sai ku ce wurin fili ne, da rani kuwa ya rufe. Darbejiya ma sai ana sassabe.

Lokacin hunturu a goge ƙura da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Don haka a sa shi inda tsani zai kai, amma nesa da katangar da awaki ke hawa. Batir da na'urar daidaita caji su zauna a ɗaki mai iska, wayar kuma ta zama gajera mai kauri.