Filastar Siminti Ba Ta Mayar da Gidan Ƙasa Na Bulo

Na gaji da jin wannan magana a bakin samarin Toranke, a ƙaramar hukumar Ajingi, masu shirin aure: "Ai gidan an yi masa siminti, ba ruwansa da damina." Yaro ya sha wahalar ci-rani a Kano ko Legas, ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, dillali ya kai shi gida yana ƙyalli da sabon fenti a tsakiyar rani, ya biya. Ruwan Agusta na sauka, bangon ɗakin amarya ya zube.

Ginin ƙasa ba abin gudu ba ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, bakan gizonsa na ƙasa suna tsaye har yau. Kakanninmu sun san cewa bangon ƙasa yana shan ruwa kuma yana fitar da shi, shi ya sa suke masa yaɓe da makuba, suna sabuntawa kafin ruwa ya faɗi.

Siminti kuwa ba ya kama ƙasa. Zafin rana da sanyin hunturu sukan sa filastar ta tsattsage, ta saki bangon. Ruwa ya shiga ta tsagar, ko ya hau daga gindin bango, ya rasa hanyar fita domin siminti ya toshe shi. Sai tubalin ciki ya yi ta jiƙa yana ruɓewa, waje kuwa sumul, kamar tsumma a cikin sabuwar riga. Bangon da aka yi wa yaɓe, in ya fara lalacewa ido zai gani a gyara. Wanda aka lulluɓe da siminti, ranar da ka gane ranar ya faɗi, kuma sau da yawa cikin dare, mutane na barci. Mai sayarwar da ya san bangonsa ya ci ruwa, ya shafe shi don ya ɓoye aibi, ya sani algus ya yi, kuma addini bai yarda da shi ba.

To, Malam mai saye, kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka yarda da maginin da dillali ya kawo. Mai jiran la'ada ba zai nuna maka tsaga ba. Nemi tsohon magini naka. Ku ƙwanƙwasa bango da hannu: inda ya yi ƙarar fanko, filasta ta rabu da ƙasa. Ku duba gindin bango ciki da waje, ko akwai zanen danshi ko farin gishiri-gishiri. Ku soka azara da wuƙa, in ta shige cikin sauƙi gara ta riga ku. Ku hau soro ku ga indararo, ku ga inda yake zubar da ruwa, domin wanda ke zuba a gindin bango shi ke cinye gida. Tsagar da ta karkace daga kusurwar taga, da ƙofar da ta daina rufuwa, alama ce harsashi yana nutsewa. Ku tambayi maƙwabta ina ruwan unguwa yake bi, da ko filin tsohon kududdufi ne da aka cike. In da hali, a jinkirta ciniki sai damina ta yi nisa.

Gidan bulo ma ba tsira ba ne, in an tsawwala wa buhun siminti yashi. Murtsuka bulon da yatsa ka gani.

Takardar ciniki kuma a rubuta ta gaban mai unguwa da dagaci, in gidan gado ne kowane magaji ya sa hannu, sannan a kai ta ƙaramar hukumar Ajingi.